Sunan da Ban Kira Ba a Ƙofar Kogi

Ranar da Nasara suka ci Haɗeja na tashi tun kafin ladan, kamar kullum. Bazara ce. Zafi ya kore mu daga ɗaka, a tsakar gida muka kwana. Na hura wuta, na ɗora ruwan kunu, na jiƙa tsamiya. Maigidana mai bandar kifi ne. Da ya dawo daga masallaci ya juya tarwaɗar da ta kwana a hayaƙi, ya ce ta kusa.

Kwana uku ke nan ana cewa sojan Nasara sun sauka gabas da gari. Maza suna ta ƙus-ƙus a zaure. Mu mata ba a gaya mana komai ba, kuma ko an gaya mana, ai gero ba zai surfa kansa ba. Na zuba shi a turmi na kama aiki.

Shekaruna ashirin da 'yan kai a lokacin. 'Ya'yana biyu. Habu yana goye, watansa takwas. Sai 'yar farina, mai shekara bakwai. Ba zan faɗi sunanta yanzu ba. Ku yi haƙuri da ni, za mu kai can.

Ku yaran yanzu da kuke tsayawa a bakin ƙofa kuna ƙwala wa 'ya'yanku kira har unguwa ta ji, dole in yi muku bayani. A zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ba ita ke fara ɗaga shi ba. Kunya ake ce wa wannan. Uwata Bafillatana ce, da tsumagiya ta koya mini. Tawa kunyar kuma biyu ce, domin sunan surukuwata aka sa wa yarinyar, ita da nake kira Inna. Suna ɗaya, ƙofa biyu a rufe. Da aka yaye ta, Inna ta ɗauke ta riƙo, a gidanta da ke can gabashin gari. Yarinyar ta taso tana ce mini Adda, kamar yayarta. Ni kuwa ina ce mata "ke".

Kada wani ya ce ba na son ta. Wallahi ina son ta har ƙirjina yakan yi ciwo. Kwana biyu kafin ranar na ja ta cikin ɗaka na saki asabari, na yi mata kitso a ɓoye. Na kusa gamawa na ji sallamar maƙwabciyata Falmata. Na yi sauri. Tsagar baya ta karkace, ta gangara wajen kunnen hagu. Na ce zan gyara mata wani lokaci.

Da hantsi ya fito, sai ga ta. Inna ta aiko ta da daddawa a ɗan ƙoƙo. Hannu ɗaya na riƙe da ƙoƙon, ɗayan ta toshe bakinta da shi. Famfara ta fara, haƙorinta na gaba ya faɗi da safen nan. Yara sukan ce in ƙadangare ya ga giɓin, haƙori ba zai fito ba. Haka ta ratso gari gaba ɗaya da hannu a baki. Ta zo har gindin turmi ta tsaya, ta ce, "Adda, duba."

Falmata tana zaune a kan tabarma tana saƙar faifai, idonta a kanmu. Ban duba ba. Na ci gaba da daka. Na ce, "Je ki nuna wa kakarki."

Falmata ta ce, "Haba, bar ta ta sha kunu mana."

Na ce, "Tana da gidansu."

Ta ajiye ƙoƙon. Ta mayar da hannu baki, ta fita. Na bi bayanta da wutsiyar ido har ta sha kwanar zaure. Gabas ta nufa. Ni na tura ta.

Kunu bai huce ba muka ji begila. Ba mu san kukanta ba a lokacin, wani abu ne siriri, daga nesa. Sai tambari ya amsa daga cikin gari. Karnuka suka ɗauka. Maigidana ya tsaya da kifi a hannu, yana saurare.

Igwa ta farko ta tashi da walaha. Ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafata. Jar ƙasa ta zubo daga katanga cikin kunun. Habu ya tsandara ihu. Kafin in ɗauke shi ta biyu ta tashi, sai ta uku. Bayan su wata ƙara ta biyo, ta-ta-ta-ta, ba numfashi a tsakani. Ita ce bindiga mai ruwa. Ban san sunanta ba sai daga baya.

Maigidana ya shiga ɗaka ya fito da mashinsa na kifi. Mashin kifi, jama'a! Ya ce, "Ku nufi Ƙofar Kogi! Kada ku ɗauki komai!" Ya fita ba takalmi. Ganina da shi ke nan.

Na goya Habu, na ɗaure majanyi sau biyu. Falmata ta kama hannuna a bakin zaure, tana ja na kudu, wajen kogi. Na fizge. Ta ce, "Ina za ki?" Na ce, "Inna zan ɗauko." Ku ji fa. Gari yana cin wuta, amma bakina bai iya cewa 'yata zan ɗauko ba.

Na bi lungu, gabas. Kowa yana gangarowa, ni ina haurawa. Mata da tukwane, tsofaffi da buzu, wani da ɗan maraƙi a kafaɗa. Ana ta ce mini, "Koma! Koma!" Jaki ya faɗi a tsakiyar hanya, albasa ta watse, mutane suna takawa suna zamewa. Jinkar wani gida ta kama wuta, iska ta kai ta na gaba. Hayaƙi ya sauko har ƙasa. Na ga harsashi ya huda katanga a gabana, rami ɗan ƙarami, ƙura ta fito ta cikinsa. Wani dattijo da ke gabana ya zauna, kamar ya gaji. Na tsallake ƙafafunsa.

Na iske Inna a zaurenta ita kaɗai. Tana da fuka, hayaƙi ya riga ya kama mata ƙirji. Tana jingine da bango tana jan numfashi da ƙyar. Na leƙa tsakar gida. Na leƙa ɗaka, na leƙa bayan rumbu. Na dawo na tsaya a kanta. Ban tambaya ba, ita ta gane.

Ta ce, "Da igwa ta tashi ta ruga. Ta ce za ta wajen Adda."

Mun yi saɓani ke nan. Lungu biyu ne ke zuwa gidanmu daga nan. Na bi na masaƙa, ita ta bi na rijiya.

Na ɗaga Inna, na rataya hannunta a wuyana. Muka bi lungun rijiya. A gidanmu ba kowa. Kunu yana nan a ƙwarya, kifi yana ƙonewa a murhu, ƙoƙon daddawa yana gindin turmi inda ta ajiye shi. A ƙurar bakin zaure na ga sawun ƙafarta, shiga da fita. Ta zo, ba ta same ni ba.

Rana ta kai tsaka. Ba wanda ya kira sallar azahar. Ƙarar bindiga ta matso, yanzu daga arewa ma ana ji. A bakin wani lungu na hango sojan. Baƙaƙe ne irinmu, da jar hula. Da Hausa ɗayansu ya yi tsawa: "Ku kwanta! Ku kwanta!" Wasu suka kwanta, wasu suka ruga. Mu muka faɗa wani kango, muka fita ta inda katangarsa ta rushe. Inna tana ce mini, "Bar ni nan." Na ƙara riƙe ta, muka ci gaba.

Ƙofar Kogi ba ta da faɗi. Jaki biyu da kaya ba sa wucewa tare. Rabin gari ya taru a bakinta. Ana turawa daga baya, ba a motsi a gaba. Yara suna kuka, ana salati, kowa yana kiran nasa. Na ji sunaye sun fi ɗari a wurin nan. A hannun dama akwai tulin tubali da aka tara don gyaran ganuwa. Na jingina Inna da shi. Na hau, da Habu a bayana.

Na gan ta.

Ba fuskarta na gani ba, ƙeyarta na gani. Tsagar nan da ta karkace zuwa kunnen hagu. Ko cikin dubu zan gane aikin hannuna. Tsakaninmu bai fi taku ashirin ba. Kowa ya fuskanci ƙofa, ita kaɗai ta ba ƙofa baya. Tana kutsawa ta tsakanin ƙafafun manya, tana komawa cikin gari. Ta duba bakin ƙofa ba ta gan ni ba, za ta koma gida ta sake dubawa.

A daidai nan bindigar ta yi shiru. Daga baya aka ce mini sukan tsaya ne su ɗura mata. Shirun bai fi a karanta Fatiha ba. Mutane ma suka yi tsit, suna saurare. Har kukan wata akuya na ji daga bayan ganuwa.

Inna ta ɗago kai. Ta ce, "Kin gan ta?"

Na ce, "Ga ta can."

"Kira ta!"

Na buɗe baki. Na ce, "Ke! Ke yarinya!"

Yara mata sun fi goma suka waiwayo. Ita ba ta waiwayo ba. Me zai sa? Kowace yarinya a wurin nan "ke" ce.

Inna ta yi ƙoƙarin kira da kanta. Iska kawai ta fito, da tari. Ta kama ƙafata ta girgiza. Ta ce, "Sunanta! Na yafe miki! Kira!"

Sunan yana bakina. Na ji shi a kan harshena. Shekara bakwai ina faɗinsa a zuci, ban taɓa barin ya fito ba. Ga mai sunan a gindin ƙafata tana kallona, ga mutanen unguwarmu a kewaye. Harshena ya yi nauyi. Ba tunani na yi ba, wallahi ban tsaya na zaɓi kunya ba. Bakin ne kawai bai san hanyar ba. Numfashi ɗaya na yi jinkiri, ko biyu.

Sai na cika ƙirji na ƙwala. A tare da ni bindigar ta dawo.

Ban ji muryata ba. Taron ya yi gaba gaba ɗaya, kamar an buɗe wa ruwa. Tubalin ya rushe a ƙarƙashina. Na faɗo a kan gwiwa, na kare Habu da hannu. Da na miƙe ban ga komai ba sai bayan mutane. Na yi ƙoƙarin komawa. Wani ƙato ya ɗauke ni cak ya juya ni, ya ce, "Fita, baiwar Allah, fita!" Turawa aka yi da mu har waje, ni da Inna. Ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba a cikin ƙofar.

Kogi ya janye a wannan lokaci na shekara, saura rairayi da gurabe. Rairayin ya ƙona mana tafin ƙafa. Na tsaya a bakin gaɓa ina duba duk yarinyar da ta fito. Na tsaya har inuwa ta fara karkata. Masu fitowa suka ragu. Na ƙarshe suka fito da jini a jikinsu, suna cewa an tare ƙofar daga ciki. Harsashi ya fara faɗowa a rairayi, yana tada ƙura.

A mashaya ruwa ya kai mini ƙirji. Na kwance Habu na ɗora shi a ka. Wani masunci ya kwantar da Inna a kan ƙaton goransa na fito ya tura ta ƙetare. Ban san sunansa ba, Allah ya saka masa. A tsakiyar ruwa na waiwaya. Hayaƙi ya rufe garin, ganuwa kawai ake gani.

Muka shiga fadama. Laka ta bushe ta tsattsage, ƙafa tana faɗawa cikin tsaga. Muka ratsa gonakin alkama da aka gama yanka, jigon ban ruwa a tsaye ba mai ja. Ƙaya ta ci ƙafafunmu. Da la'asar ƙarar bindiga ta daina zuwa. Ban sani ba ko an daina ne, ko mu ne muka yi nisa. Wasu Fulani suka ba mu nono a gindin goruba. Na buɗe baki in gode, ba murya. Kwana uku maƙogwarona yana ciwo.

Washegari da hantsi muka isa Kafin Hausa. Garin ya cika da mutanen Haɗeja. Bulaman unguwar da muka sauka mutumin kirki ne. Ya sa mai shela ya zaga kasuwa yana kiran sunayen waɗanda suka ɓace. Muka shiga layi. Da aka zo kaina bulama ya ce, "Wa kike nema?"

Na ce, "Yarinya. Shekara bakwai. Tana da giɓi, kitsonta ya karkace."

Ya ce, "Sunanta?"

Na sunkuyar da kai. Bayan duk abin da ya faru, na sunkuyar da kai! In na tuna wannan har yau sai in ji kamar in mari kaina. Inna ce ta faɗa masa.

Na bi mai shela a baya, rumfa rumfa. Na ji baƙon mutum yana ƙwala sunan 'yata da ƙarfinsa, ba wata wahala, kamar mai tallan gishiri. Mutum huɗu suka amsa. Tsofaffi biyu, matar aure ɗaya, da wata yarinya mai cikakkun haƙora.

Bayan kwana tara aka ce a koma. Mun tarar an yi wa maigidana sutura. Maƙwabta sun gane shi a wani lungu kusa da ganuwar gabas, da mashinsa. Sun nuna mini kabarin. Na yi kuka, na yi takaba, zuciyata ta san inda yake. Ita kuwa ba wanda ya ce ya gan ta, a raye ko a mace. Na tambayi masu haƙa kabari. Na leƙa rijiyoyi. Na shiga kangayen da suka ƙone ina tona toka da kara. Falmata tana bina, ita ke faɗin sunan a kowane gida.

Inna ba ta ga kaka ba. Fukar ce ta tafi da ita, cikin damina. Ranar da ta fara jin jiki sosai na zauna kusa da ita ina yi mata fifita. Na yi ƙarfin hali na ce, "Inna, a Ƙofar Kogi, na kira?"

Ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Bakinki ya motsa. Kunnena bai ji ba."

Ba ta yi mini ƙarya ba, Allah ya jiƙanta. Amma da wannan amsar na zauna. Ban san ko sunan na kira ba, ko ihu kawai na yi.

Shekaru suka yi ta tafiya. Aka ce an ga wata a Miga, wadda aka tsinta tana ƙarama a shekarar yaƙi. Na tafi a ƙasa, da Falmata. Ba ita ba ce. Aka ce akwai wata a wajen Malam Madori. Na je. Ba ita ba ce. Ko'ina sai na ɗauki mai faɗa mini suna, kamar makauniya da ɗan jagora. Da Falmata ta rasu na daina zuwa.

Habu ya girma ya yi karatu, ya zama malami. Yakan zauna a zaure yana rubuta wa mutane wasiƙa da ajami. Wata rana da hantsi, ina da shekara arba'in da wani abu, na kai masa fura. Na tarar wata mata a durƙushe tana so a rubuta wa mijinta da ya tafi ci-rani. Habu ya tambayi sunan mijin. Ta rufe fuska da mayafi, ta turo ƙanwarta ta faɗa. Ya rubuta. Na ga matar ta miƙa wuya tana kallon takardar. Ta sa yatsa ta taɓa wurin, ta ce, "Shi ne nan?" Ya ce shi ne. Ta shafa shi a gaban kowa, ba ta ji kunya ba.

Na ajiye furar. Na jira suka tafi. Na ce, "Habu, rubuta mini sunan yayarka."

Ya dube ni. Bai taɓa jin na yi zancenta ba. Ya ɗauki allo, ya tsoma alƙalami, ya rubuta. Ɗan abu ne, bai kai tsawon yatsana ba. Na ce, "Ba ni alƙalamin." Ya yi dariya, ya ce, "Ke da ko baƙi ɗaya ba ki sani ba?" Na ce, "Ni na koya maka cin tuwo. Ba ni."

Na kwaikwaya a ƙarƙashin nasa. Tawada ta ɗiga. Ya fito a karkace, kamar kitson. Na jira in ji nauyin nan da ke kama mini harshe. Bai zo ba. Ashe uwata bakina ta yi wa tarbiyya, ta manta da hannu. Na sake rubutawa. Na cika allon, gaba da baya. Habu ya tashi ya bar mini zauren.

Shekara biyu na yi ina koyo a wurinsa. Na sha surutu. Wai tsohuwa da furfura ta zauna tana ba, ta, sa kamar 'yar yaye. Wai so nake in zama alƙali. Wata ma ta ce aljanu ne suka shafe ni a kogi. Na ce to, su aljanun sun fi ku amfani.

Su ɗin dai da suka yi dariya, su suka fara sallama a ƙofar ɗakina. Matan da suka rasa miji a ranar, da waɗanda suka rasa ɗan fari. Ashe ba ni kaɗai ba ce. Kowace tana ɗauke da sunan da ba ta taɓa faɗa ba, kuma masu faɗa mata shi suna ta mutuwa. Sukan zo da jika ko ƙanwa ta faɗa, in rubuta. Wata ba ta da kowa, sai ta ce, "Sunan wanda aka haifa ranar Juma'a," in gane. In na rubuta sai in ce, "Yaya kamanninsa?" Sai baki ya buɗe. Yana da tabo a goshi. Ba ya cin kuɓewa. Ya fita da takalmi ɗaya. Suna ya zama layi, layi ya zama shafi. Haka na wayi gari ana ce mini mai rubutu.

Maza in suna ba da labarin ranar, na manya suke bayarwa, wane ya tsaya a ina, wane ya faɗi a ina. Ban hana su ba, gaskiya ne, an yi mazantaka. Amma ban taɓa jin wani ya ambaci mai mashin kifi ba, balle yarinya mai hannu a baki. In ban rubuta su ba, ranar da aka binne ni an binne su.

Akwai kuma wani dalilin, shi ne na gaskiya. Yanzu jirgin ƙasa yana wucewa ta Malam Madori, takarda tana zuwa garuruwan da ban san sunansu ba. Habu ya ce zai sa a kwafe wannan a ba fatake da 'yan jirgi. In tana raye ta wuce hamsin. Ƙila tana wani gari da wani suna, ƙila tana da 'yar farin da ba ta kira. Ƙila abin da take tunawa da ni shi ne na ƙi duba bakinta, na ce tana da gidansu. Wannan ne ke hana ni sakewa. Ina so wani ya karanta mata, da ƙarfi, yadda za ta ji.

Na haura saba'in. Idona ya fara hazo, sai Habu ya fere mini alƙalami mai kauri. Har yau bakina bai faɗi sunan ba, na gwada ni kaɗai a ɗaka, ya ƙi. To, ya zauna da kunyarsa.

Da safen ranar yaƙin mu biyar ne. Maigidana yana kwance gabas da gari, na san wurin. Inna tana kusa da shi. Habu yana zaure, ina jin tarinsa. Ni ga ni. Huɗu ke nan.

Saratu.

Saratu, juyo. Ina bayanki, a kan tubali, hannun dama. Zo ki nuna mini haƙorin.